Dokar Kamfanonin Fasaha: Abin da Abuja Ta Tanada da Abin da Ke Isowa Agege

Tun ranar 19 ga Oktoba, 2022, da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kamfanonin fasaha masu tasowa, ba a cika daɗewa ba a ji sabuwar sanarwa daga Abuja ba. Yau an rantsar da majalisar kula da harkar, gobe an buɗe shafin rajista, jibi an ƙaddamar da asusu na miliyoyin daloli ko horon matasa miliyan 3. Kafin labarin ya iso zaurukan WhatsApp na Agege, Idi-Araba da Alabar Rago, ya riga ya cakuɗe ya koma magana ɗaya: gwamnati na rabon kuɗi ga masu harkar waya da kwamfuta, a yi maza a cike fom. Mai POS na tambaya ko da shi aka yi, mai gyaran waya a kasuwar wayoyi ta Computer Village da ke Ikeja na tambaya, haka ma uban da ɗansa ya gama karatun kwamfuta yana zaune a gida.

Ba rabon kuɗi ake yi ba. Ayyuka ne daban-daban a hannun hukumomi daban-daban: akwai doka, akwai asusun jari, akwai horo, akwai shimfiɗa wayar intanet, kuma kowanne da mutanen da aka yi shi dominsu. Sannan akwai wani ɓangare da ba a cika lissafa shi a cikin shirin ba, alhali shi ya fi taɓa talaka, wato umarnin Babban Bankin Najeriya da na gwamnatin jiha, wanda kan buɗe kasuwa ko ya rufe ta a dare ɗaya.

Wane irin kamfani ake nufi

Mai shagon wayoyi a Ikeja idan yana son cinikinsa ya ninka, sai ya ƙaro kaya, ya kama wani shagon, ya ɗauki ƙarin yara. Kamfanin fasaha mai tasowa ba ta haka yake girma ba. Manhaja yake ginawa, sannan ya nemi mutum dubu su riƙa amfani da ita, daga nan miliyan, ba tare da abin da yake kashewa ya hau daidai da yawan mutanen ba. Kafin ya kai can yakan yi shekaru yana asara: albashin masu rubuta manhaja, talla, da rangwamen da ake jawo jama'a da shi. Banki ba ya ba irin wannan kamfani rance, don ba shi da gida ko fili da zai jingina.

Shi ya sa kuɗinsa ke fitowa daga masu jarin kasada. Su ba bashi suke bayarwa ba, kaso suke saya a cikin kamfanin. Tsarin bai yi nisa da abin da 'yan kasuwarmu suka saba ba, inda maigida ke ba da jari yaro ya juya a raba riba, in kaya sun halaka maigida ya rasa kuɗinsa yaro ya rasa wahalarsa. Inda suka bambanta shi ne mai jarin kasada ya shiga da sanin cewa yawancin kamfanonin da ya sa wa kuɗi za su mutu. Fatansa ɗaya ko biyu su yi girman da za su rufe asarar sauran. Wasu yarjejeniyoyin dai kan zo da sharaɗin kuɗin ruwa kafin a mayar da su hannun jari, don haka mai kiyaye wannan sai ya karanta takarda da kyau kafin ya sa hannu.

Dokar ta 2022 ta gindaya sharuɗɗan wanda za a ba takardar shaida. Sai ya kasance cikakken kamfani mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ba rajistar sunan kasuwanci kawai ba, kuma bai wuce shekara 10 da kafuwa ba. Sai aikinsa ya zama ƙirƙira, ingantawa ko kai wata sabuwar haja ta fasahar zamani kasuwa. Sannan aƙalla kashi ɗaya bisa uku na hannun jarinsa ya kasance na ɗan Najeriya ko 'yan Najeriyar da suka kafa shi. Takardar tana aiki na shekara 10. Wanda ke harkarsa shi kaɗai ko da abokin haɗin gwiwa, ana iya ba shi matsayin wucin gadi na wata 6 domin ya kammala rajistar kamfani.

Ke nan mai POS, mai sayar da data, mai gyaran waya da mai shagon buga takardu ba sa ciki. Suna amfani da fasahar da wani ya gina ne, dokar kuwa ta mai ginawa ce.

Kamfanonin sun riga dokar

Legas ba ta jira doka ba. An kafa Interswitch tun 2002. A 2010 kamfanin MainOne, ƙarƙashin Funke Opeke, ya jawo wayar intanet ta ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas. A daidai wannan lokaci Bosun Tijani da abokin aikinsa suka kafa CcHUB, cibiyar renon sababbin kamfanonin fasaha, wadda ta zauna a kan titin Herbert Macaulay a Yaba, kusa da Jami'ar Legas da Kwalejin Fasaha ta Yaba, inda ɗalibai ke da yawa haya kuma a lokacin ba ta kai ta Ikoyi ba. A 2013 gwamnatin Babatunde Fashola ta yafe kuɗin izinin haƙa titi domin MainOne ya shimfiɗa waya ta kusan kilomita 27 a unguwar. Ba a raba wa kowa ko kwabo ba, amma da wuya a nuna wani taimakon gwamnati da ya fi wannan arha da tasiri a tarihin harkar.

Daga nan abubuwa suka biyo juna. Andela a 2014, Paystack a 2015, Flutterwave a 2016, shekarar da mai Facebook, Mark Zuckerberg, ya ziyarci Yaba a watan Agusta. A Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack a kan fiye da dala miliyan 200, cinikin da ya sa masu jari na waje suka juyo da hankalinsu gaba ɗaya. A 2021 OPay ya samu dala miliyan 400, a farkon 2022 kuma aka kimanta darajar Flutterwave a kan sama da dala biliyan 3.

Duk wanda ya duba sunayen nan zai ga yawancinsu harkar biyan kuɗi suke yi. Ba haka kawai abin ya faru ba. A zamanin da Sanusi Lamido Sanusi ke gwamnan Babban Banki aka fara tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna a 2011, aka gwada shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, aka kuma ƙaddamar da lambar BVN a 2014. Kamfanonin sun hau kan hanyar da hukuma ta riga ta share ne. A noma, lafiya da sufuri, inda babu irin wannan shimfiɗa, nasarorin sun yi ƙaranci.

Abin da ya haifar da dokar

Don a fahimci dokar sai an tuna shekarun 2020 da 2021.

A ranar 1 ga Fabrairu, 2020, gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta hana acaɓa da keke napep a ƙananan hukumomi 6 da yankunan raya ƙasa 9 na Legas. Dalilin da ta bayar shi ne yawan haɗura da aikata laifi a kan babur. A lokacin akwai kamfanoni irin su Gokada, MAX da ORide na OPay da suka karɓo miliyoyin daloli domin mayar da acaɓa sana'a mai tsari: hular kwano, horo, kiran direba ta manhaja, da biyan kuɗin babur kaɗan-kaɗan. Umarnin bai ware su ba. Gokada ya sallami direbobi ya koma kai saƙo, OPay kuma ya rufe ORide bayan 'yan watanni. Hausawan Legas ba sa buƙatar a ba su labarin wannan rana, don da yawa daga cikin masu baburan 'yan Arewa ne, kuma a Yunin 2022 aka ƙara tsaurara haramcin a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland.

A Fabrairun 2021 Babban Banki ya umarci bankuna su rufe asusun masu hada-hadar kuɗin intanet na kirifto. A watan Yuni gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai Janairun 2022. A watan Agusta kuma kotu, bisa roƙon Babban Banki, ta daskarar da asusun wasu kamfanonin da ke taimaka wa 'yan Najeriya sayen hannun jari a ƙasashen waje. Kowane mataki da hujjarsa a wajen hukuma: tsaro, halasta kuɗin haram, kare darajar naira. Amma abin da mai jari a Landan ko San Francisco ya karanta shi ne, a Najeriya takarda ɗaya na iya kashe kamfani kafin gari ya waye.

A wannan yanayi aka fara rubuta ƙudirin a 2021, tsakanin fadar shugaban ƙasa, ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Isa Ali Ibrahim Pantami, da masu kamfanonin kansu. An duba abin da Tunisiya ta yi a 2018 da Senegal a 2019. Babban burin masu kamfanonin a lokacin ba kuɗi ba ne. So suke a samu teburin da za a zauna da su kafin a fitar da umarnin da zai shafe su.

Abin da ke cikin dokar

Teburin shi ne majalisar ƙasa kan ƙirƙira da kasuwancin fasahar zamani. Shugaban ƙasa ke jagoranta, mataimakinsa na biye, akwai ministocin sadarwa, kuɗi, ciniki da kimiyya, da gwamnan Babban Banki, da wakilai 4 daga masu harkar. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, wadda Kashifu Inuwa Abdullahi ke shugabanta, ita ce sakatariya, ita kuma ke kula da shafin rajistar da aka buɗe a ƙarshen 2023.

Ga kamfanin da ya samu shaida, dokar ta yi tanadin hutun harajin riba na shekara 3 da za a iya ƙarawa da 2, da sauƙin neman lasisi da gwajin sabuwar haja a ƙarƙashin idon hukuma. Ga mai zuba jari, ta ba da rangwamen haraji na kashi 30 cikin ɗari na abin da ya zuba, da yafe harajin ribar sayar da kasonsa idan ya riƙe shi aƙalla wata 24. Sai dai sabbin dokokin haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 sun sauya tsohon tsarin hutun haraji da wani daban, don haka mai kamfani ba zai dogara da takardar 2022 ita kaɗai ba. Kuma ko a da, yafe harajin riba ba ya ƙara wa kamfanin da bai fara cin riba ba komai, wanda shi ne halin mafi yawansu.

Shin teburin ya hana abin da aka gudu? A Afrilun 2024, shekara ɗaya da rabi bayan dokar, Babban Banki ya umarci OPay, PalmPay, Moniepoint da Kuda su daina buɗe wa sababbin mutane asusu, saboda damuwa kan tantance masu asusu da hada-hadar kirifto. An ɗage umarnin a watan Yuni bayan sun tsaurara tantancewa. Dokar ba ta rage wa Babban Banki ikonsa ba, kuma ba ta da ta cewa a kan abin da gwamnan jiha zai yanke game da titunan jiharsa. Da an yi haramcin acaɓa a yau, babu sashen dokar da zai tare shi.

Ina kuɗin suke

Tukwane uku ake yawan cakuɗawa.

Ta farko ita ce asusun jarin farko da dokar ta kafa, a hannun hukumar NSIA mai kula da asusun ajiyar ƙasa, wanda aka ce za a riƙa zuba masa aƙalla naira biliyan 10 a shekara. A farashin gwamnati na 2022 wannan ya haura dala miliyan 20. Idan dala ta kai naira 1,500, bai kai miliyan 7 ba. A gefe guda, Moniepoint shi kaɗai ya karɓi dala miliyan 110 a Oktoban 2024. Ko da asusun ya yi aiki yadda aka rubuta, na masu fara tasowa ne, ba zai maye gurbin jarin waje ba. Babban ƙorafin masu harkar a kansa shi ne jinkiri.

Ta biyu ita ce shirin iDICE na kusan dala miliyan 618, wanda Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar a Maris 2023 domin matasa 'yan shekara 15 zuwa 35 a harkar fasaha da ƙirƙira. Bankin Raya Afirka ya ɗauki dala miliyan 170, hukumar raya ƙasashe ta Faransa miliyan 116, Bankin Musulunci miliyan 70, Bankin Masana'antu na Najeriya miliyan 45, sauran kuma ana sa ran su daga 'yan kasuwa. Abubuwa biyu ake mantawa. Kaso mai yawa rance ne da ƙasa za ta biya. Sannan ba a tsara kuɗin don a tura wa mutum ɗaiɗai a asusunsa ba. Ta hannun kamfanonin jarin kasada, cibiyoyi da shirye-shiryen horo za su bi. Sai a ƙarshen 2025 aka sanar da zuba kason farko a wani asusu na kamfanin Ventures Platform, fiye da shekara biyu da rabi bayan bikin ƙaddamarwa.

Ta uku ta jihar Legas ce. Akwai asusun samar da aiki na LSETF da Gwamna Akinwunmi Ambode ya kafa a 2016 da alkawarin naira biliyan 25, akwai kuma majalisar bincike da ƙirƙira ta LASRIC da aka fara ba naira miliyan 250 a 2019. A cikin duka, LSETF ne ya fi kusa da ƙaramin ɗan kasuwa, don bai tsaya ga masu manhaja ba, kuma katin zama a Legas na LASRRA yake nema, ba takardar asalin jiha ba. Sai dai rance ne mai kuɗin ruwa, ko da yake ƙasa da na banki, abin da ke sa wasu 'yan kasuwar Arewa ja da baya.

Matsalar da doka ba ta taɓa ba

A ɗauka wani kamfani ya yi cinikin naira miliyan 460 a shekara. A farkon 2023, a farashin gwamnati, wannan dala miliyan 1 ce. Bayan an saki naira a Yunin 2023 dala ta haura 1,500, cinikin nan ya koma dala dubu 300 da 'yan kai. Mai jarin da ya sa dala, dala yake ƙirgawa. Sai kamfanin ya ninka cinikinsa fiye da sau uku kafin ya dawo inda yake, a daidai lokacin da aka cire tallafin fetur aljihun masu sayen ya ragu. Ga kuɗin hayar rumbun ajiyar bayanai da lasisin manhajoji, duk da dala ake biya.

Ƙari a kan haka, tun 2022 kuɗin ruwa ya hau a Amurka, masu jari suka rage kasada a ko'ina. Jarin da ya shigo kamfanonin Najeriya ya faɗo daga sama da dala biliyan 1 a 2022 zuwa ƙasa da rabin biliyan a 2023, shekarar da Kenya ta sha gaban Najeriya. An rage ma'aikata, wasu kamfanonin da aka yi ta yabo, irin su 54gene mai binciken ƙwayoyin halitta, suka rufe.

Wannan ne kuma ya sa yawancin manyan kamfanonin da ake kira na Legas uwar rajistarsu tana jihar Delaware ta Amurka. Masu jari sun fi yarda da kotunan can da sauƙin fitar da kuɗi. Ma'aikata da ciniki na nan, mallaka na can, kuma idan an sayar da kamfanin babban kason kuɗin can yake sauka.

Horo da waya

Bayan Bosun Tijani ya zama ministan sadarwa a Agustan 2023, nauyin ya karkata zuwa horo da shimfiɗa. Shirin 3MTT na son horar da mutum miliyan 3 a rubuta manhaja, nazarin bayanai, tsaron intanet da makamantansu. An fara da 30,000, zagaye na biyu aka ɗauki 270,000. Horon kyauta ne, kuma shi ne ƙofar da yaron Agege ko Idi-Araba zai iya shiga ba tare da rajistar kamfani ba. Amma kwamfuta, data da wuta a kansa suke, ga shi a Janairun 2025 hukumar kula da kamfanonin sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Takardar kammalawa kuma ba takardar ɗaukar aiki ba ce.

A ɓangaren wayar intanet, gwamnati ta amince a 2024 da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 a faɗin ƙasa. Tsarin da gwamnati ta yi na 2020 zuwa 2025 ya so intanet mai sauri ya kai ga kashi 70 cikin ɗari na jama'a, amma aka tsaya a wajen rabi. Ɗaya daga cikin cikas shi ne kuɗin izinin haƙa titi: an amince a kan naira 145 a kowace mita, wasu jihohin suka yafe, wasu suka ci gaba da karɓar abin da ya fi haka nesa.

Inda aka saɓa

Masu goyon baya na cewa a karon farko akwai takarda a hukumance da ta san da zaman waɗannan kamfanoni, akwai ofishin da za a kai kuka, kuma minista mutumin cikin harkar ne. Suna nuna janye umarnin kirifto a Disamban 2023 da dokar zuba jari ta 2025 da ta sa kadarorin intanet ƙarƙashin hukumar kula da kasuwar hannun jari ta SEC a matsayin alamar an fara saurare.

Wasu masu kamfanoni da masu jari na ganin duk wannan kwalliya ce. A wajensu, a ba su wuta, naira mai tsayuwa, kotu mai sauri da hukumomin da ba sa sauya magana, su za su nemo jarin da kansu. Tarihin Yaba ya ba su gaskiya ta wani ɓangare, tunda ba tallafi ne ya gina Paystack ba. Amma ba ya ba su gaskiya idan suka ce gwamnati ta janye gaba ɗaya, don ba tare da BVN da tsarin tura kuɗi nan take ba, babu abin da za a gina a kai.

Daga Kano, Kaduna da Jos kuwa ƙorafin daban ne: duk shirin da aka ce na ƙasa ne amma ya bi ta hannun masu jarin da ofisoshinsu ke Lekki da Victoria Island, a Legas zai ƙare. Akwai cibiyoyi irin su CoLab a Kaduna da nHub a Jos, sai dai mai jari yakan sa kuɗi ne a inda ya san mutane.

Akwai kuma masu kallon abin ta fuskar mai amfani da manhaja. Su suna tuna wa jama'a cewa manhajojin ba da rancen da ke aika wa dangin mutum saƙon tozarci idan ya makara, su ma kamfanonin fasaha ne. Sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta fara kai samame a 2022, aka kuma yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, kafin abin ya ɗan lafa. A ganinsu ba kowane tsaurarawa ba ne zalunci.

Rabon Bahaushen Legas

A wannan harka, Hausawan Legas sun fi yawa a matsayin masu amfani da wakilai, ba masu kamfani ba. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya hanzarta abin. A lokacin da manhajojin manyan bankuna ke maƙalewa, mai shayi, mai nama da mai kayan gwari suka koma OPay, Moniepoint da PalmPay.

A Mile 12 da asuba, mota ta iso daga Kano ko Zariya ana sauke kwandunan tumatir. Mai saye ta gama ciniki ta miƙo wayarta tana nuna hoton rasit. Dillali bai ko kalla ba, sai ya juya ga yaronsa: "Duba mana, ya shigo?" Yaron ya latsa ƙaramar na'urar da ke rataye a wuyansa: "Bai shigo ba tukuna, Alhaji." Kwandon na nan a ƙasa sai na'ura ta yi ƙara. Kafin azahar kuɗin sun isa hannun manomi a Kadawa, ba tare da wani ya ɗaure su a ƙugu ya bi hanyar Lokoja ba. Wannan amfani ne na zahiri, kuma babu ruwansa da takardar shaidar NITDA.

Tsadar ma ta nan take zuwa. Daga Disamban 2024 aka fara cire harajin naira 50 a kan kuɗin da suka kai 10,000 a waɗannan manhajoji, kamar yadda ake yi a bankuna. A 2024 aka wajabta wa masu POS rajista da CAC. A tashar jiragen ruwa ta Apapa, tun Fabrairun 2021 direban babbar mota ba ya shiga sai da lambar kira ta manhajar Eto. Direban da ba ya karanta Turanci yakan biya wani ya yi masa, ke nan fasahar da aka kawo don rage 'yan tsakiya ta samar da sabon ɗan tsakiya. Yawancin manhajojin da Turanci suke magana, duk da cewa a 2025 gwamnati ta ƙaddamar da N-ATLAS, wata ƙirƙirarriyar basira da aka horar da Hausa, Yarbanci da Ibo, wadda masu gina manhaja za su iya ɗorawa a kai.

Ga mai neman shiga sahun masu kamfani, abin da ke hannun 'yan Arewa a Legas shi ne sanin hanyar kaya. Wanda ya tashi a gidan dillalin albasa ya san wa ke ba wa bashi, yaushe farashi ke karyewa, nawa ake kashewa a shingaye daga Aliero zuwa Legas, da dalilin da ya sa direba ba zai ɗauki kayan baƙo ba sai da wanda zai tsaya masa. Kamfanoni da dama masu kuɗi sun shiga harkar abinci da sufuri ba tare da wannan sani ba, suka sha wahala. Sai dai sanin kasuwa shi kaɗai ba ya kawo jari. Mai jarin kasada zai nemi rajistar kamfani, rubutaccen lissafi, takardar da ta nuna kason kowa, da shaidar ciniki na watanni, alhali yawancin harkar Mile 12 da Alabar Rago a kan amana da baki take tafiya.

Shafukan da ke yawo suna neman BVN, lambar sirri ko kuɗin fom da sunan tallafin fasaha, ba na waɗannan shirye-shirye ba ne. Adireshin intanet na yawancin hukumomin tarayya yana ƙarewa da gov.ng, kuma babu hukumar da ke neman lambar sirrin asusun mutum.

Abin da zai fi saurin taɓa aljihun mutane a kwanaki masu zuwa daga Babban Banki zai fito. A Disamban 2024 ya ƙayyade cewa mutum ba zai ciri fiye da naira 100,000 a rana a wajen mai POS ba, shi kuma mai POS ba zai fitar da fiye da miliyan 1.2 a rana ba. A 2025 ya ƙara da cewa a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista, ba za a riƙa yawo da ita ba. Manufar ita ce toshe hanyar masu damfara da masu karɓar kuɗin fansa. Ga mai shayi da ke zaune wuri ɗaya, wannan ba zai sauya komai ba. Ga mai POS da ke bin kasuwa yau Agege gobe Ojo, da mahaucin Oko-Oba da kuɗin bijimi guda ya ninka iyakar sau da yawa kuma mai shanun tsaba yake so, lissafin sana'ar ne gaba ɗaya zai sauya gwargwadon yadda aka tsaurara aiwatarwa.